FASHIN BAƘI: Nawa hutun iyali a ƙasar waje ke ci, kuma ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai ɓullo masa?

Duk shekara, da zarar makarantu sun tafi dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai shafukan sada zumunta su cika da hotunan iyalai a filayen jiragen sama, wasu sun nufi Dubai, wasu Landan, wasu Alƙahira ko Istanbul. Ma'aikacin da ke kallon waɗannan hotuna a wayarsa ya san cewa albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, amma 'ya'yansa su ma suna gani, kuma suna tambaya. Tambayar tasu tana da amsa ta lissafi, kuma lissafin ya sauya matuƙa tun daga tsakiyar shekarar 2023.

A ɗauki misalin magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya uku, wanda babu mai fasfo a gidansa. Tun daga ranar 1 ga Satumban 2025, Hukumar Shige da Fice ta Najeriya na karɓar naira 100,000 kan fasfo mai shafi 32 da ke aiki shekara biyar. Fasfo biyar ya kama naira 500,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin fasfon wannan gida kaɗai ya zarce albashin wata bakwai na ƙaramin ma'aikaci, alhali ba a sayi tikiti ba, ba a kama masauki ba, ba a ma tsayar da ƙasar da za a je ba.

Duk da haka akwai iyalai masu matsakaicin samu da ke fita da 'ya'yansu ƙasashen waje ba tare da sun ci bashi ba. Abin da suka fahimta shi ne kuɗin tafiya kashi-kashi ne. Wani kashin gwamnati ce ta yanka shi, babu ciniki a kansa. Wani kashin kuma yana hawa da sauka gwargwadon ƙasar da aka zaɓa, da lokacin da aka tashi, da irin zaman da aka yi a can.

Canji ne tushen lissafin

Kusan duk abin da matafiyi zai biya a ƙetare, da dala ake auna shi ko da kuɗin da ke bin sawunta. Shi ya sa ranar 14 ga Yunin 2023 ta zama mararraba ga duk mai niyyar fita. A ranar ce Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji wuri guda, ya sakar wa naira mara ta nemi farashinta. Kafin nan farashin gwamnati yana wajen naira 460 kan dala ɗaya. Zuwa watan Fabrairun 2024 ya haura naira 1,500, a kasuwar bayan fage kuwa ya fi haka.

Ga yadda abin yake a aljihu. Tafiyar da ke cin dala 5,000, idan an sami dala a kan naira 460, naira miliyan 2.3 ce. Idan aka lissafa ta a kan naira 1,500, ta koma miliyan 7.5. Otal ɗin bai ƙara ko anini ba, jirgin ma haka, kuɗin hannun matafiyin ne ya rage nauyi. A daidai wannan tsakani kuma aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Rarar da magidanci kan ajiye a ƙarshen wata, cefane da kuɗin makaranta da kuɗin mota sun riga sun lashe ta.

Maƙwabta ma ba su tsira daga wannan lissafi ba. Sefar da ake kashewa a Nijar, Benin, Togo, Senegal da wasu ƙasashe huɗu na Yammacin Afirka ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya. Duk lokacin da naira ta faɗi a gaban yuro, ta faɗi a gaban sefa. A 2024 sefa 1,000, wadda mutanen Nijar ke kira jika guda, ta haura naira 2,000. Sidin Ghana kuma ya ƙara daraja sosai a 2025, abin da ya sa Accra ta ƙara tsada ga mai riƙe da naira. Saboda haka matakin farko ga mai shiri shi ne ya rubuta kasafinsa da kuɗin ƙasar da zai je, sa'annan ya mayar da shi naira, ya kuma ƙara wani abu a kai domin tsoron abin da canji zai yi kafin ranar tashi.

Kuɗin da ke tafiya kafin a ɗaga ƙafa

Farashin fasfo ya tashi sau biyu cikin shekara guda. A watan Satumban 2024 mai shafi 32 ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000, mai shafi 64 da ke aiki shekara goma ya tashi daga 70,000 zuwa 100,000. Bayan shekara ɗaya cif aka ninka duka biyun, suka koma 100,000 da 200,000. Jariri ma sai da nasa fasfon, kuma ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar amincewar iyaye. Wanda ya cike takardunsa da kansa a shafin hukumar na intanet, ya biya ta can, ya huta da ladan ejan, wanda sau da yawa kan yi kusa da kuɗin fasfon kansa. Ƙasashe da dama kuma ba sa karɓar fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare aiki, don haka wanda ke da tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa tun kafin ya sayi tikiti.

Biza ita ce ramin da kuɗin iyalai ya fi faɗawa. Bizar ziyara ta wata shida zuwa Birtaniya ta koma fam 127 a watan Afrilun 2025, kuma kowane kai sai ya biya, yaro da babba. A farashin na 2025, gida mai mutum biyar sai ya ajiye fam 635. Bizar ƙasashen Turai ta Shengen ta koma yuro 90 a watan Yunin 2024, yara masu shekara shida zuwa ƙasa da 12 suna biyan yuro 45, 'yan ƙasa da shida kyauta. Iyaye biyu da yara masu shekara 13 da takwas da huɗu za su biya yuro 315, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, ban da inshorar lafiya ta dole wadda sai ta kai yuro 30,000 a kan kowane mutum. Bizar ziyarar Amurka dala 185 ce, wato dala 925 ga mutum biyar. A watan Yulin 2025 Amurka ta taƙaita yawancin irin wannan biza ga 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, sa'annan ta ƙara tsaurara sharuɗɗan a ƙarshen shekarar.

Abin da ya fi ciwo shi ne waɗannan kuɗaɗe ladan duba takardu ne, ba a mayar da su idan an hana biza. Alƙaluman Hukumar Tarayyar Turai sun nuna cewa a 2023 da 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Shengen da aka shigar daga Najeriya. Magidancin da ya tara kuɗinsa da kyar, ya kai su ofishin jakadanci, yana iya dawowa hannu rabbana ba tare da ya ga ko ƙofar jirgi ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi, hikima ita ce ya fara duba ƙasashen da fasfonsa ke shiga ba tare da neman izini ba.

Inda fasfon Najeriya ke shiga kai tsaye

Yarjejeniyar walwalar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1979, ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 babu biza. Sharuɗɗan biyu ne: takardar tafiya mai aiki, da katin shaidar rigakafi na ƙasa da ƙasa. Ban da fasfo, Hukumar Shige da Fice tana bayar da takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ba ta aiki sai a cikin yankin amma ta fi fasfo sauƙin kuɗi. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayar da shi. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana goma da yin ta, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya wadatar har abada. Ana yi wa yara daga wata tara. Wanda ya sayi katin jabu a bakin boda ya ajiye wa kansa rigima a boda ta gaba, ya kuma bar 'ya'yansa babu kariya.

Abin gani a yankin ba kaɗan ba ne. A Jamhuriyar Benin akwai fadojin sarakunan Dahomey a Abomey, da garin Ganvie da aka gina a kan ruwa, da Ouidah inda aka riƙa loda bayi zuwa ƙetaren teku. A watan Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa ƙasar kayan tarihi 26 da sojojinta suka kwashe a zamanin mamaya. A Ghana akwai sansanin Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Cape Coast, da dajin Kakum mai gadar igiya a saman itatuwa. A Senegal akwai tsibirin Goree a gaban Dakar. Yaron da ya karanta cinikin bayi a littafin makaranta, idan ya tsaya a ɗakunan da aka tsare mutane a Elmina, gani ya kori ji.

Bahaushe kuma yana da wata riba da sauran matafiya ba su da ita. Fatauci, musamman na goro zuwa Gwanja da Salaga, ya shuka zangon Hausawa a kusan kowane babban gari na yankin. A Nima da Sabon Zango na Accra, a Zangon Kumasi, a unguwar Zango ta Kwatano, baƙo zai yi ciniki da Hausa, ya sami masallaci a kusa, ya ci tuwo ko waake a farashin 'yan gari. Wannan yana rage kuɗin ɗan jagora da na abincin otal, yana kuma rage fargabar halal da haram.

Nijar ita ce mafi kusa ga mutanen Arewa. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya bai kai kilomita 100 ba, daga Sakkwato ana shiga Birnin Ƙonni ta Illela, daga Kano da Daura kuma hanya ta miƙe zuwa Damagaram mai tsohuwar fadar sarki. Sai dai siyasa ta shiga tsakani. An rufe iyakar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da zirga-zirga babu biza, amma binciken takardu ya tsananta, kuma matsalar 'yan bindiga a wasu hanyoyin kan iyaka ba ta kau ba. Mai tafiya da yara ya riƙe cikakken fasfo, ya yi tafiyar rana, ya kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon da zai tashi.

A wajen yankin, Ruwanda ta buɗe ƙofarta ga dukkan 'yan Afirka babu kuɗin biza, Kenya kuma a 2025 ta ɗage wa yawancin ƙasashen Afirka sharaɗin neman izinin shiga ta intanet. Duka biyun sai da jirgi, kuma a nan ne babban kashin kuɗin yake.

Me ya sa tikiti ke da tsada haka?

Kamfanonin jiragen waje da dala suke lissafi. A tsakanin 2022 da 2023 kuɗaɗen tikitin da suka sayar da naira suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har suka zarce dala miliyan 800 bisa lissafin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. Martaninsu shi ne ɓoye tikiti masu araha daga kasuwar Najeriya. Emirates ma ya dakatar da zuwa gaba ɗaya a ƙarshen 2022, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Bayan Babban Banki ya biya mafi yawan bashin a 2024, kuma Air Peace ya fara zuwa Landan a ranar 30 ga Maris na shekarar, farashin wannan hanya ya sauko. Darasin a bayyane yake: inda gasa ta shiga, fasinja ne ke cin moriya.

Sai kuma haraji. A cikin kowane tikiti akwai kashi biyar cikin 100 na hukumar kula da sufurin jiragen sama, da kuɗin hidimar fasinja na hukumar filayen jirage, wanda aka ɗaga zuwa dala 100 ga masu fita ƙetare a 2020, dala 80 ga masu zuwa ƙasashen ECOWAS. Ƙasar da za a sauka ita ma tana da nata. Wannan ne ya sa tafiyar sa'a ɗaya daga Legas zuwa Accra kan yi tsadar da ba ta dace da nisanta ba. Shugabannin ECOWAS sun amince a taronsu na Abuja a watan Disamban 2024 cewa za a soke wasu haraje-haraje a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga ranar 1 ga Janairun 2026. Aiwatarwa tana hannun kowace gwamnati, kuma nan ne ya kamata masu bibiya su sa ido.

Abin da ke hannun matafiyi shi ne lokaci. Dogon hutun makarantun Najeriya ya faɗo daidai da hutun bazarar Turawa, hutun Disamba kuma ya zo tare da Kirsimeti da dawowar mazauna ƙetare. A waɗannan lokuta biyu tikiti da otal suka fi tsada. Hutun da ke tsakanin zango na biyu da na uku, wajen watan Afrilu, yakan fi sauƙi idan bai haɗu da Ista ko Sallah ba. Sayen tikiti tun saura wata biyu ko uku, da tashi a tsakiyar mako, da yarda a yada zango a Addis Ababa, Alƙahira ko Lome, duk suna rage wani abu. Yawancin kamfanoni suna karɓar kimanin kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba a kan jaririn da bai kai shekara biyu ba idan za a riƙe shi a cinya, yara masu shekara biyu zuwa 11 kuma ana yi musu ragi a wasu hanyoyin. Daga shekara 12 yaro ya zama babba a idon kamfanin jirgi. Mazaunin Kano kuma ya kwatanta farashin tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da na Abuja ko Legas, amma ya haɗa da kuɗin kai mutum biyar can da kwanan otal, domin sau da yawa ragin da ake gani a Legas a hanya yake ƙarewa. Tikiti mafi araha kuma shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, ba a sauya ranarsa sai da tara mai nauyi.

Hanyar mota ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Daga Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba, ana ƙetare iyaka uku: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Manyan motocin safa da ke bin wannan hanya suna haɗa hidimar buga hatimi a cikin kuɗin tikiti, abin da ke raba fasinja da ja-in-ja da jami'an da ke neman na goro. Wanda zai shiga da motarsa kuwa sai ya tanadi inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da takardar izinin shigar da mota ta kwastam.

Masauki, abinci da tsaraba

Ɗakin otal an tsara shi ne domin mutum biyu. Gida mai mutum biyar zai buƙaci ɗaki biyu, ya kuma sayi abinci sau uku a rana a farashin baƙi. Gidan haya na ɗan lokaci mai madafa yakan fi dacewa: kuɗin kwana ɗaya ne a kan kowa, kuma uwargida ko maigida na iya shiga kasuwa a dafa na safe da na dare a gida. Iyalai biyu, kamar wa da ƙani, idan suka haɗa tafiya suka raba kuɗin gida da na mota, nauyin ya ragu ƙwarai. Sauka a gidan dangi ya fi komai sauƙi, amma yana da nasa haƙƙin, domin baƙon da ya zo da mutum biyar ya kamata ya ɗauki cefane. Kwanaki kuma su ne ke ninka kowane kashe-kashe. Kwana biyar da aka tsara da kyau sun fi mako biyu da ake ƙirga kuɗi kullum da dare.

Akwai wani kashi da kasafin Bature bai san shi ba, wato tsaraba. Wanda ya dawo daga ƙasar waje hannu biyu, surukai da maƙwabta da abokan aiki za su yi maganarsa. Magidanta da yawa a nan suke zarce kasafi, su kuma biya kuɗin nauyin kaya a filin jirgi. Maganin shi ne a yanka wa tsaraba adadi tun a gida, a rubuta sunayen waɗanda za a ba, kada a wuce.

Batun riƙe kuɗi ma yana da ƙa'ida. Bankuna suna sayar wa baligi guzurin tafiya har dala 4,000 a kowane wata uku idan ya cika sharuɗɗa, kuma a watan Fabrairun 2024 Babban Banki ya ce a kati za a riƙa zuba shi, ba da tsaba ba. Wasu bankuna sun dawo da amfani da katin naira a ƙetare a tsakiyar 2025, kowanne da iyakar da ya sa. Duk wanda ya ɗauki tsabar da ta haura dala 10,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastam. Canji a filin jirgi kuwa kusan kullum shi ne mafi muni.

Umara, tafiyar da Arewa ta fi sani

Ga gidaje da yawa a Arewa, fita ta farko da iyali Umara ce. Ibada ce, amma lissafin kuɗinta ɗaya ne da na kowace tafiya. Goman ƙarshe na Ramadan shi ne lokacin da otal-otal na kusa da Harami suka fi tsada a duk shekara. Wanda ya tafi a watannin da ke bayan aikin Hajji, ya sauka a otal mai ɗan nisa da ke da motar kai masallata, zai biya ƙasa da haka sosai. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ke bai wa kamfanonin Hajji da Umara lasisi, kuma tabbatar da sunan kamfani a wurinta kafin a biya ko sisi shi ne kariya ta farko. Kujerar Hajjin 2025 daga yawancin jihohin Arewa ta kama kimanin naira miliyan 8.4, don haka magidancin da bai sauke farali ba yana da dalilin auna wanne ya kamata ya gabata.

Tara kuɗin, da tarkunan da ke hanya

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tafiyar da za ta ci naira miliyan 1.8, idan aka raba ta wata 18, naira 100,000 ce a kowane wata. Adashi yana taimakawa wajen tilasta wa mutum ajiya, sai dai a naira yake, kuma naira na iya zubewa kafin kwasa ta zo. Shi ya sa wasu ke mayar da abin da suka tara zuwa dala kaɗan-kaɗan a asusun kuɗin waje na banki. Yin fasfo a shekara ɗaya, tafiya a shekara ta gaba, shi ma yana raba nauyin gida biyu.

Bashi da ruwa domin hutu kuwa, musamman daga manhajojin ba da rance na waya, hanya ce ta mayar da kwana biyar na nishaɗi zuwa shekara guda ta ƙunci. Haka nan masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya: MMM ta rushe da dukiyar jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta bi sahu a watan Afrilun 2025. Sai ejan da ke cewa biza tabbas ce idan an biya shi. Babu wanda ke da ikon ba da biza sai ofishin jakadanci, kuma takardar banki ta jabu da ejan ya haɗa tana iya jawo wa mai fasfo haramcin shiga Birtaniya har na shekara goma. Akwai kuma masu turo takardar ajiye kujera a matsayin tikiti. Tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ana iya tabbatar da shi a shafin kamfanin jirgin cikin minti biyu. Araha ba ta ado, balle a hannun wanda ba shi da ofishin da za a same shi gobe.

Wa ke iya tafiya, kuma da kuɗin wa?

Ko an bi dukkan waɗannan dabaru, mafi yawan 'yan Najeriya ba sa cikin wannan zance. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na jama'a, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Hutun kansa ma gata ne: sashe na 18 na Dokar Ƙwadago kwana shida kacal na aiki ya wajabta a matsayin hutun shekara mai albashi, kuma ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu ranar da ba su fita ba babu samu.

A ɗaya gefen kuma akwai masu tafiya da kuɗin baitulmali. A taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023 an yi wa mutum 1,411 rajista da sunan Najeriya, gwamnatin tarayya ta ce 422 ta ɗauki nauyinsu. Surutun da ya biyo baya ya sa aka sanar da rage 'yan rakiyar manyan jami'ai a watan Janairun 2024, sa'annan aka dakatar da tafiye-tafiyen ƙetare da kuɗin gwamnati na wata uku daga 1 ga Afrilu. Dalar da waɗannan tawagogi ke kashewa daga kasuwa ɗaya take fitowa da wadda magidanci ke nema.

Yawancin abin da ke tsadar da tafiyar talaka hukunci ne da wani ya yanke a ofis. Farashin fasfo Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da Hukumar Shige da Fice ne suka tsayar da shi. Harajin tikiti hukumomin sufurin sama ne. Shingayen karɓar na goro tsakanin Mil 2 da Seme jami'an gwamnati ne ke tsaye a kansu. Yarjejeniyar walwalar zirga-zirga ta Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a Addis Ababa a watan Janairun 2018, tana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki, amma huɗu ne suka yi: Mali, Nijar, Ruwanda da Sao Tome. Najeriya ba ta cikinsu. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, idan ya kammala zai iya mayar da ziyarar Nijar tafiyar yini ɗaya mai sauƙin kuɗi. Waɗannan duka tambayoyi ne da za a iya yi wa ɗan majalisa da minista, da sunan kowace hukuma da ranar kowane alƙawari.

Kafin a sami amsarsu, magidancin da ke son 'ya'yansa su ga wata ƙasa zai fi samun biyan buƙata idan ya fara da maƙwabta, ya yi fasfo tun da wuri, ya tara kuɗin a hankali, ya kuma bar biza mai tsada sai ranar da asarar kuɗinta ba za ta taɓa kuɗin makarantar yara ba.